Maazou da Kamamber ɗin Madam

Wannan labari na ɗauko shi ne kamar ƙwarya cike da nono, ina takawa a hankali don kada ya zube kafin in iso gare ku. In kun ga ya ɗan fallatsa a hanya, ku yi mini uzuri. Na yi yawo a rayuwata, Damagaram, Agadas, Kano, Kartum, har nan ƙasar Faransa, yanzu garuruwan sun fara shiga juna a kaina. Kwanan baya na tambayi 'yata Raliatou motar da ke zuwa kasuwar Dole, ta ce, "Baba, a Lyon kuke fa." Amma abin da Maazou ya yi mana, shi kam yana nan daram.

Mu Hausawan Rillieux-la-Pape, can arewa da Lyon, muna da 'yar ƙungiya. Damuwarmu ɗaya ce: yaran da aka haifa mana a nan, Hausarsu ba ta wuce "lafiya lau" da "na ƙoshi" ba. Sai muka fara tara su ran Asabar a falon Hajiya Fatou, ni ina koya musu, ita tana soya musu ƙosai. Yara suka yi yawa. Mutumin da ke hawa na ƙasa ya shiga bugun silin da sandar shara, har Hajiya ta ce in ba a sami wani wuri ba, karatu ya tsaya.

A gidan taron unguwarmu akwai ɗaki guda da ba kowa cikinsa ran Asabar da safe. Mu muna so. Wasu mutane ma suna so, masu shimfiɗa tabarmar roba su rufe ido suna jan numfashi a hankali, yoga suke ce wa abin. Shugabar gidan, Madam Josiane, ta kira shugabanmu Alhaji Ilya a waya, ta ce kowane ɓangare ya zo gaban kwamiti ya bayyana kansa, wanda ya gamsar da su shi ke da ɗaki.

Alhaji Ilya mutumin Damagaram ne, mai shigo da atamfa. Faransancinsa na kasuwa ne, yana ciniki da shi, yana faɗa da 'yan duwan, wato kwastan, da shi, daga nan kuma ya ƙare. Ya tara mu a bayan kantinsa, ni da Hajiya Fatou da mataimakinsa Alhaji Abdulƙadir, Bakano mai fitar da tsofaffin motoci. Su biyun nan ba su taɓa shan shayi tare ba tare da sun tsokani juna ba.

"Abu uku ta ce a kawo," in ji Alhaji Ilya. "Diyaporama. Organigiram. Sannan ta ce, kada ku manta da ɗan kamamber, kwamiti na son sa."

"Diyaporama ai shi ne fawa-foyin," in ji Alhaji Abdulƙadir.

"Fawa? Me ya haɗa karatun yara da mahauta? Ku Kanawa komai sai kun kai shi ga nama."

"Mu dai muna da naman da za mu kai shi gare shi."

Ana cikin haka sai ga Maazou, ƙanen Hajiya Fatou, wanda ya zo daga Paris bikin suna ya ƙi komawa. Yana sayar da rigunan waya da caja a unguwar Goutte d'Or, a wani butik da bai fi dardumar salla faɗi ba, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce shi konsiltan ne. Ya ajiye wayoyinsa biyu a kan tebur, ya saurara kaɗan, ya yi dariya.

"Diyapo? Baba Malam, ni da diyapo kamar ku da allo ne. Hotuna ne da rubutu da ake haskawa a bango da majigi, ɗaya bayan ɗaya. Akwai ranar da na yi wa wasu 'yan kasuwa diyapo a Belleville, suka miƙe tsaye suna tafi, ɗayansu har da hawaye."

"Kai da ko hoton fasfo ba ka iya aiko mini sai a kife," in ji Hajiya Fatou.

"Yaya, wayarki ce a kife."

Ya ce organigiram kuwa akwatuna ne da layuka, ana nuna wane ne a sama a ƙungiya, wane ne a ƙasa. Alhaji Ilya ya gyara zaman hularsa. Alhaji Abdulƙadir ya gyara wuyan rigarsa. Ni kam na ga hadari.

"To, kamamber fa?" in ji Hajiya.

Maazou ya tashi ya tura ƙofa, ya dawo ya rage murya.

"Kamamber cuku ne. Cukun Nasara. Alhaji, kun taɓa zuwa gaban babba hannu rabbana? Matar nan ta san ta kan aiki. Ba za ta fito fili ta ce ku kawo gaisuwa ba. Sai ta ce, kwamiti na son sa."

"Ashsha," in ji Alhaji Ilya. "Ashe su ma."

"Duniya duk ɗaya ce, Alhaji."

Kalmar ta ɗan taɓa wani abu a kaina, kamar na taɓa jin ta a wani taro can baya, kuma ba a wurin cin abinci ba. Na miƙa hannu in kamo ta, ta tsere. Hajiya ta ce ko a tambayi Raliatou, tun da ita a ofis take aiki.

"Yaran nan?" in ji Maazou. "Su da ke kiran kawunsu da sunansa gatsal? Su je su faɗa wa Madam mun ce tana neman gaisuwa, a kai mu gaban alƙali? Wannan magana ta manya ce, kada ta fita daga ɗakin nan."

Muka yi alkawari. Aka ce in bi shi Paris don in faɗa masa abin da zai rubuta game da karatun. Na yi murna, saboda ina da wani tsohon aboki a Belleville da na daɗe ban gani ba. Sai da muka sauka a tasha na tuna ya koma Maraɗi tun bara, ko bara waccan.

Ko jaka ba mu ajiye ba Maazou ya ja ni kantin mai cuku, ko da yake taron kwamiti sai bayan mako mai zuwa. Ya ce 'yan yoga za su kawo ɗaya, mu sai mu ba kowane ɗan kwamiti nasa, mu ƙara da na iyali. Mai kanti ya fito da su, kowanne a ɗan akwatin katako zagayayye, ya tambaye shi, "Bien fait?"

Maazou ya juyo gare ni. "Kun ji rainin hankali? Wai wanda aka yi da kyau nake so." Ya koma ga mutumin. "Très bien fait! Mu ba ma sayen aikin banza."

Daga baya na ji cewa a bakin masu cuku, wannan kalma tana nufin wanda ya nuna har ya fara sakin jiki. Mai kanti ya dube shi da girmamawa, ya shiga can ciki, ya zaɓo masa waɗanda ya ɓoye wa gwanaye.

Maazou ya zuba su a jakar fata, ya ɗora a kan kanta a butik ɗinsa, daidai saman abin ɗumama ɗaki. Maƙwabciyarsa Mero, 'yar Tawa mai shagon kitso, ta leƙo gaishe ni, ta ga abin da ke cikin jakar.

"Maazou, wannan a firigo ake sa shi, cikin sanyi."

"Cuku a firigo? Ke 'yar Tawa ce kuwa? Kakata takan ɗaure cuku a bakin zane ya yi wata da watanni, sai dai ya ƙara daɗi da shayi."

"Wancan namu ne, busasshe kamar takalmi. Wannan yana da rai."

"Mero, ki ji da kawunan mutane, ki bar mini harkar ofis."

"Na bar maka. Allah ya ba hancinka haƙuri."

Ya buɗe ordinatar ɗinsa, wato kwamfuta, muka fara. A gaskiya ya san inda ake dannawa. Ya nuna mini wani wuri a cikin na'urar inda siffofi ke jere kamar kayan koli: akwatuna, matakala, dala, da'ira mai kibiyoyi, ƙafafun inji masu haƙora. Ka rubuta sunaye a gefe, ka zaɓi siffa, sai sunayen su shiga ciki da kansu. Na yi mamaki ƙwarai. Na tuna wani malami a Agadas da ke zana gidajen hisabi a kan yashi, mai doguwar yatsa, sunansa yana bakina yanzun nan. To, ya tafi. Mu koma ga Maazou.

Ya sa Alhaji Ilya a akwatin sama, Alhaji Abdulƙadir a ƙarƙashinsa, ya ɗauki hoto ya aika musu. Kafin ya ajiye waya ta yi ƙara.

"Maazou, ni ka ɗora wa Badamagare a ka?" in ji Alhaji Abdulƙadir, ko gaisuwa a gajarce. "Wa ya sayi kujerun da yara ke zama?"

Ya jera su gefe da gefe. Ɗaya wayar ta yi ƙara.

"Me ya sa Bakano yake dama?" in ji Alhaji Ilya.

"Alhaji, Nasara daga hagu suke fara karatu. Ku ne na farko."

"Ni ba Nasara ba ne. Ka mai da ni dama."

Ya gwada dala. Alhaji Abdulƙadir ya ce dala ai ta Kanawa ce tun asali, don haka shi ne a tsini. Ya gwada da'ira mai kibiyoyi, wadda ba ta da sama ba ta da ƙasa. Alhaji Ilya ya kira yana haki, ya ce ya ga kibiya ta fito daga sunan Abdulƙadir ta nufo haƙarƙarinsa, shi kuma ba zai zauna a harbe shi a gaban Turawa ba.

Sannan aka zo kan laƙabi. Alhaji Ilya ya ce a rubuta sunan mahaifinsa da na kakansa da unguwarsu a Birni. Alhaji Abdulƙadir ya ji, ya ce a ƙara masa yawan zuwansa Makka da sarautar da aka yi niyyar ba wa wansa. Ita kuwa na'urar tana da wata ɗabi'a ta adalci: in rubutu ya yi yawa a akwati ɗaya, sai ta rage girman haruffan duka akwatunan. Kowane laƙabi da aka ƙara, sai Alhazan biyu su ƙanƙance tare. Har suka koma kamar jerin tururuwa.

"Baba Malam, kuna iya karantawa?"

"Ina ganin wani abu yana tafiya," na ce.

Duk wannan, game da karatun yara bai rubuta ko harafi ba. In na tuna masa sai ya ce wannan mai sauƙi ne, da baki zai yi shi. Ya ɓata sauran lokacinsa wajen koya wa rubutu tsalle. Wannan kalma ta shigo da gudu, waccan ta faɗo daga sama ta yi tambul, kowacce da sautin tafi a bayanta. A ƙarshe ya kira Alhazan ya ce ya gano wata siffa da ko ministoci ba su san da ita ba, wadda za ta haɗa kan kowa wuri ɗaya, amma ba zai nuna ba sai ranar. Suka yarda, don kowa ya ɗauka shi za a fifita.

A can kan kanta kuwa, jaka ta fara magana.

Da farko ƙasa-ƙasa, kamar safar da aka manta a takalmi. Bayan 'yan kwanaki ta ɗaga murya. Wani ya shigo sayen caja, ya tsaya, ya duba ƙasan takalminsa, ya fita. Wani kare ya zo ya zauna a ƙofar butik ya ƙi tashi. Mero ta leƙo da gefen mayafi a hanci.

"Maazou, ɓera ya mutu a shagonka."

"Babu ɓera a nan."

"To, iyalinsa ne gaba ɗaya. Matan da nake wa kitso suna kuka, ni kuma ban ja musu gashi ba."

"Ƙamshin manya ne, Mero. Ba kowane hanci ya yi karatun lakwal ba."

"Nawa dai ya nemi hutu."

Ya fesa wa jakar turare, ya kunna mata turaren wuta. Warin ya sha turare, ya gode, ya ƙara ƙarfi.

Ranar komawa Lyon jirgin ƙasa ya cika maƙil, amma kafin mu fita daga Paris kujerun da ke kewaye da mu sun zama fili. Wata tsohuwa ta ɗauki kyanwarta a kwando ta wuce gaba. Mai duba tikiti ya tsaya daga nesa, ya ɗaga mana hannu, ya ce ya yarda da mu.

"Kun gani, Baba Malam?" in ji Maazou, ya miƙe ƙafafu. "Kwarjini."

A ɗakin da ake takara a kansa aka yi taron. Ɗaki ne mai kyau, da faffaɗar taga da farin allo da abin ɗumama ɗaki a jikin bango. Ina shiga na fara ganin inda zan zaunar da ƙanana da inda manya za su zauna. 'Yan kwamiti suna gaba a kan dogon tebur, Madam Josiane a tsakiya. Mutanenmu sun zo da yawa, maza da manyan riguna, mata da lufaya. Maazou ya tsaya a waje da jakarsa, wai kada abokan hamayya su ga makaminmu.

'Yan yoga suka fara. Shugabarsu, wata siririyar mace mai sanyin murya, ta haska diyapo kaɗan. A na ƙarshe sai ga wata da'ira a bango, an yayyanka ta kamar yadda ake raba kankana, kowane yanki da launinsa: wannan tsofaffi, wannan matasa, wannan masu ciwon baya.

"Joli camembert," in ji Madam Josiane, wato kamamber ɗin ya yi kyau.

A nan kalmar da ta tsere mini ta dawo ta zauna a gabana. Wani taro ne a Yamai, shekaru da yawa, wani Bature yana nuna rabon gero da dawa a cikin da'ira irin wannan, yana ta cewa kamamber, kamamber. Suna ce mata haka ne don ta yi kama da cukun in an yanka shi.

Na taɓa Alhaji Ilya. "Alhaji, wancan zanen shi ne kamamber."

"Ina? Ni ban ga sun ba ta komai ba. Hannu rabbana suka zo. Mun cinye su, Malam."

Na yunƙura in je in tare Maazou. Gwiwoyina suna da nasu ra'ayi. Kafin su yarda, har ya shigo, ya tura jakar ƙarƙashin tebur, ya haɗa waya da majigi, ya buɗe hannuwa.

"Mesdames et messieurs! Assalamu alaikum!"

Diyapo na farko hotonsa ne, sanye da tabarau, yana nuna sama da yatsa. Sunansa ya faɗo daga sama ya yi tambul, na'ura ta yi masa tafi. Na biyu hotonsa ne a gaban wata mota da ba tasa ba. Na'ura ta sake tafi. Wani ɗan kwamiti mai farin gashin baki ya fara ɗaga hanci yana waige-waige.

"Yanzu," in ji Maazou, "organigiram!"

Sai ga wani ƙaton mazurari a bango, irin wanda ake ɗura mai da shi a kwalba. Ƙwallaye uku suka gangaro suka faɗa ciki, kowanne da tururuwar rubutu a jikinsa. Sannan daga ƙasan mazurarin, a bakin tsiyaya, wata kalma ta fito da manyan haruffa, tun da ita ba ta da laƙabin kaka: MAAZOU.

Madam ta sa tabarau. "Su wane ne a cikin ƙwallayen, Mesiye?"

"Shugabanninmu ne, Madam. Alhaji Ilya, Alhaji Abdulƙadir, Hajiya Fatou. Kansu a haɗe."

"Tace mu ka yi?" in ji Alhaji Abdulƙadir, ya miƙe. "Mu uku aka matse, kai ne man da ya fito?"

"Ni ka zuba a mazurari kamar kananzir?" in ji Hajiya Fatou. "Ni da na goya ka?"

Alhaji Ilya ya taka har gaban bango, ya auna ƙwallayen da tafin hannu, inuwar hularsa ta rufe rabin hoton. "Wannan babban na wane ne?"

"Na... na Alhaji Abdulƙadir ne, amma na'ura ce ta..."

"To, a bar shi haka," in ji Alhaji Abdulƙadir, ya koma ya zauna. "Na'ura ba ta ƙarya."

"Canza shi yanzun nan!" in ji Alhaji Ilya.

Maazou ya koma wurin siffofin nan, duk jama'a na kallo a bango. Ita na'urar, ko ba ka danna ba, da zarar 'yar kibiyar da ake nuni da ita ta bi ta kan siffa sai ta nuna maka yadda za ta kasance. Maazou kuwa sai yawo yake da kibiyar a kan siffofin. Sai shugabanninmu suka zama matakala, Hajiya a ƙasa ana taka ta. Suka zama ƙafafun inji, Alhazai biyu suna niƙa juna. Suka zama sikeli, Bakano ya rinjaya. Suka zama abin auna harbi, Alhaji Ilya a tsakiya. Kowace siffa da ihun da ke biye da ita, wani na murna, wani na neman hakki. Matan baya sun riƙe ciki. Shugabar 'yan yoga ta rufe ido tana jan numfashi, sai ta buɗe da sauri, ta dubi ƙarƙashin tebur.

Madam Josiane mace ce mai kirki. Ta ɗaga hannu ta ce, "Ba komai, Mesiye, mun gane kuna da shugabanni masu kuzari. Mu wuce ga kamamber."

Fuskar Maazou ta washe. Ya kashe wa Alhaji Ilya ido.

"Maazou," na ce daga inda nake, "ɗana, tsaya..."

"Baba Malam, ku huta. An zo wurin."

Ya jawo jakar, ya ɗora a kan tebur, ya zuge ta.

Na zauna kusa da majema a Kano, na taɓa tafiya a bayan motar kifi daga Diffa. Duk wasa ne. Abin da ya fito daga jakar nan sai da ya sa labulen taga ya motsa, ko kuwa idona ne ya kawo ruwa. Turaren ya fito tare da shi, suna riƙe da hannun juna.

Maazou ya ɗauki akwati ɗaya da hannu biyu, ya ɗan rusuna kamar yadda aka koya mana, ya ajiye a gaban Madam. Cukun ya riga ya leƙo ta gefe yana neman hanya.

"Ga 'yar gaisuwa, Madam. Ba yawa. Très bien fait."

Ya bi sauran 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya. Mai farin gashin baki ya buɗe nasa, ya sunsuna, ya lumshe ido, ya ce tun rasuwar kakarsa bai ga wanda ya kai wannan ba.

Madam ta dubi cukun, ta dubi Maazou, ta dubi mazurarin da ya dawo bango. Kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani ta yi ƙoƙari, sannan ta kifa kai a tebur ta yi ta dariya har da buga hannu. Da ta samu numfashi, ta roƙi 'yar yoga ta sake haska da'irarta, ta nuna da yatsa.

"Wannan, Mesiye. Wannan ne kamamber. Zane ne kawai. Ina so in ga yaranku nawa ne ƙanana, nawa ne manya."

Alhaji Ilya ya juyo a hankali. "Maazou. Zane."

"Alhaji, a Paris ba haka ake..."

"Ka sa na kira matar kirki mai cin hanci a zuciyata mako biyu!"

"Hancin dai kowa ya ci yau," in ji Alhaji Abdulƙadir.

Hajiya Fatou ta cire takalmi. Maazou ya ja da baya, ƙafarsa ta harɗe da wayar majigi, ya kama jaka don kada ya faɗi, suka tafi tare. Sauran akwatunan suka watse, suna gangarawa ko'ina a ɗakin kamar ƙafafun amalanke. Na'ura, da ta ga an taɓa ta, ta yi masa tafi.

Muka tsince abin da muka gani, muka ba da haƙuri, muka fita. Ba wanda ya faɗi ko kalma ɗaya game da karatun yara. Washegari aka sanar da mu an ba 'yan yoga ɗaki. Ba mu ga laifin kowa ba. Maazou ya koma Paris da jirgin farko, Hajiya ta ce karatu ya tsaya, ni kuma na mai da 'yan littattafaina cikin kwali. Asabar ta zo, na sa riga na ɗauki sanda, sai da na kai ƙofa Raliatou ta ce, "Baba, ina za ku?" Na koma na zauna.

Ana nan, sanyi ya sauko sosai, aka kunna abin ɗumama ɗakuna a gidan taro. Sai ga wayar Madam Josiane. Ta ce wa Alhaji Ilya 'yan yoga sun shiga ɗakin, sun kwanta a ƙasa, shugabarsu ta ce kowa ya ja numfashi har cikin cikinsa. Suka ja. Ba su ja na biyu ba. An wanke ɗakin, an goge, an bar taga a buɗe, abin yana nan. Sun ce sun yafe, an ba su wani lungu a ɗakin karatu. Ko mu za mu iya?

"Madam," in ji Alhaji Ilya, "mu da muka zauna da Maazou? Kawo makulli."

Ranar da muka shiga, Hajiya Fatou ta bi warin da sandar shara har bayan abin ɗumama ɗaki. Can ta zaƙulo shi, akwati ɗaya da ya gangara ya maƙale tsakanin ƙarfe da bango, yana ta dahuwa. Na ce a gaya wa Madam gaskiya, kada mu ci hakkin mutane. Aka gaya mata. Ta sake yin dariyar nan tata, ta tambayi 'yan yoga, suka ce sabon wurinsu yana kallon lambu, ko da kyauta ba za su dawo ba.

Labari ya kai Goutte d'Or. Da yamma wayata ta yi ƙara.

"Baba Malam, kun ga aiki? Tun farko dabarata ke nan. Stratégie! Ni da kaina na auna inda zai gangara."

Daga bayansa na ji muryar Mero tana cewa, "Alhaji Bien Fait, zo ka kori karenka, ya dawo."

Yanzu yara sun cika ɗakin, har da 'ya'yan maƙwabta. Na shirya in fara musu da gaisuwa, amma a Asabar ta farko wata 'yar ƙarama ta toshe hanci ta tambaye ni da Faransanci yadda ake cewa wannan abu da Hausa. Na faɗa mata. Duk ɗakin suka amsa, da murya ɗaya, da karin harshe daidai kamar a Damagaram aka haife su: "Wari!"

Ita ce kalmar farko da na rubuta a farin allon nan. Sunayen garuruwa suna tsere mini, sunayen abokai ma haka. Amma duk Asabar in ƙarfen nan ya ɗau zafi, wani ɗan abu yakan taso daga bayansa, kaɗan dai, sai labarin ya dawo mini cif, tun daga mazurari har takalmin Hajiya. Madam ta ce za ta sa a sake fenti a wurin. Na roƙe ta ta bari.